Amsoshin Takardunku: Abin Da Hasken Rana Ke Yi Wa Ƙwayar Magani

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a cikin garin Gaya, wanda ya ce yana da ɗan shagon sayar da magani, irin wanda muke kira kemis. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce yakan sayo Flagyl na gwangwani, ya juye a cikin farar kwalba ya ɗora a kan kanta don masu saye su riƙa gani. To, kwanan baya sai ya lura ƙwayoyin da ke gefen da ke kallon ƙofa sun yi rawaya-rawaya, na ɗaya gefen kuwa suna nan farare. Ƙanensa ya ce ƙura ce da zafi, ba kome. Shi kuwa ya ce kwalbar a rufe take, kuma wa'adin maganin bai cika ba. Shi ne yake tambaya, shin me ya taɓa su, kuma ko zai iya sayarwa?

To, Malam, mun gode da wannan takarda. Bari mu fara da tambayarka ta biyu, don kada wani ya zo saye kafin ka gama karanta shafin nan: waɗanda suka sake launi ka ware su gefe guda, kada ka sayar. Ka kuma gai da ƙanen naka, amma ka gaya masa a wannan karo bai canka ba. Ai kai da kanka ka riga ka ba da rabin amsar. Da zafi ne, da kwalbar duka ta ɗauka, tun da ba a yi zafin da zai shiga shago ya zaɓi gefe guda ba. Da ƙura ce, ta ina ta shiga, alhali murfi yana rufe? Abin da ke shigowa ta ƙofa ya ratsa gilashi ya sauka a gefe ɗaya kaɗai, shi ne haske.

Yawancinmu mun ɗauka aikin rana biyu ne, ta haskaka ta kuma busar. Shi ya sa in an ce rana ta lalata danyen abu ba ma mamaki, amma busasshiyar ƙwaya mai tauri, me ya rage a cikinta da zai lalace? Don ka gane wannan, sai ka ɗebi sukari kaɗan a tafin hannunka ka duba da kyau a cikin haske. Za ka ga kowane ɗan tsaba yana da kusurwoyi da fuskoki sumul, kamar an sa wuƙa an yanka. Gishiri ma haka. Irin wannan daskararren abu mai tsari shi masana ke kira kiristal. Farin garin da ke aiki a cikin yawancin ƙwayoyin magani shi ma kiristal ne, sai dai an niƙe shi ya yi laushi, an haɗa da sitaci da makamantansa, sa'an nan inji ya danne shi ya zama ƙwaya.

A cikin kowane kiristal akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tubala waɗanda ido ba ya gani, ko da madubin likita na asibiti. Dukansu iri ɗaya ne, kuma a jere suke layi-layi, hawa-hawa. Dattawan cikinku da suka ga dalar gyaɗa a Kano sun san abin da muke nufi: kowane buhu yana da wurin zamansa, na ƙasa yana tallafe da na sama, ba wanda aka jefa barkatai. To, bambancin gishiri da magani shi ne, gishiri dangin ma'adinai ne, tubalinsa dunƙule yake, hasken rana ba ya samun inda zai kama. Amma sukari da shuni da mafi yawan magunguna an gina tubalansu ne da sinadarin kabon, wato asalin gawayi, irin ginin da ke jikin tsiro da dabba. Irin waɗannan tubala suna da gaɓoɓi da mahaɗai, kuma a wasunsu akwai mahaɗar da in haske ya buge ta sai ta karye, ko ta juya, ko ta kama maƙwabciyarta. Da zarar haka ta faru, abin ya tashi daga sinadarin da kamfani ya zuba, ya zama wani dabam.

Ba kowane haske ke wannan aiki ba. Hasken rana da muke gani fari, gauraye ne na launukan nan da ke fitowa a bakan gizo, daga ja zuwa shunayya, kuma gaba da shunayya akwai wani wanda ido ba ya gani sam, ana ce masa ultrabayolet. Haske yana sauka ne ɗigo-ɗigo kamar jifa, kuma jifan ja ba shi da ƙarfi, na shuɗi da shunayya ya fi, na ultrabayolet ya fi su duka. Ka watsa wa tukunyar ƙasa mudun gero, ba abin da zai same ta, amma dutse ɗaya ya isa ya fasa ta. Wannan ne dalilin da ya sa ake zuba wasu magunguna a kwalba mai ruwan ƙasa. Ba ado ba ne, irin wannan gilashi yana tare masu ƙarfin jifan. Farar kwalba irin taka kuwa tana barin shuɗi da shunayya su wuce gaba ɗaya, har da wani kaso mai yawa na ultrabayolet ɗin.

Za ka yi mamaki in ka ji cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta wannan al'amari shi ma mai haɗa magani ne, kuma abin da ya gani bai rasa kama da naka ba. Sunansa Hermann Trommsdorff, mutumin Jamus. A zamaninsa akwai wani maganin tsutsar ciki mai suna santonin, wanda ake tatsowa daga furen wani tsiro dangin tazargade da ke fitowa a tsakiyar Asiya. A shekarar 1834 ya ba da labarin cewa in aka bar farin kiristal na santonin a rana, sai ya koma rawaya, sa'an nan ya fashe ya tarwatse. Mutumin bai tsaya nan ba. Ya samo wani gilashi mai kusurwa uku wanda ke rarraba hasken rana launi-launi, ya riƙa haska wa maganin ɗaya bayan ɗaya. Ja da rawaya da kore ba su yi masa kome ba. Shuɗi da shunayya su ne suka yi ɓarnar. Ka ga ke nan tun a lokacin an raba gardama tsakanin zafi da haske.

Amma me ya sa ya fashe? Wannan sai da aka shekara 173 kafin a warware shi sosai. A 2007 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Miguel Garcia-Garibay, suka bi abin daki-daki da na'urar da ke nuna yadda tubala ke zaune a cikin kiristal. Suka gano cewa haske yana fara sake wa tubalin siffa ne a nan inda yake zaune, daga baya tubalan da suka sake siffa su kama juna biyu-biyu su manne. To, sabon abin da aka samu bai dace da gurbin tsohon ba. Ka ɗauka buhunan da ke gefe guda na dala sun kumbura, wasu sun tsuke, na ciki kuwa suna nan yadda suke. Dole ginin ya ja, in ya ja ya kai maƙura ya tsage. Irin abin da kake gani a bakin fadama da rani, sa'ad da saman laka ya bushe ya tsuke ƙasansa kuwa da sauran danshi, sai wuri ya tsattsage. Santonin dai an daina ba da shi tuntuni saboda yana da dafi, yanzu albendazol da mebendazol ake sha.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne zai nuna maka dalilin da ya sa ba a yi wa magunguna kuɗin goro. Wani masani mai suna Gerhard Schmidt, a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila, ya yi shekaru yana aiki a kan wani sinadari da ake samu a jikin kirfa. Wannan sinadari da danginsa suna iya daskarewa a tsari iri uku, wato tubalan iri ɗaya ne amma jerin ya bambanta. A 1964 shi da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani. In aka haska tsari na farko, tubalan sukan manne biyu-biyu, kai da ƙafa, su ba da wani sabon sinadari. In aka haska na biyu, sukan manne kai da kai, su ba da wani dabam. Na uku kuwa ko an bar shi ya wuni a haske ba ya motsi.

Ga misalin da zai kusanto maka da shi. Sa'ad da sinadari yake narke a ruwa, tubalansa kamar mutane ne a tsakiyar kasuwa, kowa na yawo, yana iya zuwa ya gaisa da wanda ya ga dama. A cikin kiristal kuwa kamar fasinjoji ne cunkushe a bayan a-kori-kura ranar kasuwar Wudil, kowa ya takure, ba halin juyawa. In aka ce kowa ya kama hannun wani, wanda za ka iya kamawa shi ne wanda ke dab da kai kuma hannunsa na wajenka. In ɗan tazarar ya fi tsawon hannunka, shi ke nan, ko da kuna so ba za ku gaisa ba. Schmidt har awo ya yi wa wannan tazara. Ka raba milimita ɗaya gida miliyan 10, ka ɗauki kashi 4 da ɗan ɗoriya: in mahaɗan tubala biyu suna kusa da haka kuma suna fuskantar juna, haske zai iya haɗa su, in sun fi haka nisa, a'a. A tsari na uku sun fi haka nisa, abin da ya cece shi ke nan. Har yau kamfanonin magani suna kashe kuɗi mai yawa wajen binciken tsarin da maganinsu zai daskare a kai, domin tsari yana shafar yadda zai narke a ciki da kuma yadda zai jure ajiya.

Mu dawo kan kantarka. Flagyl, wanda sunansa na asali metronidazol, yana cikin magungunan da littattafan masu haɗa magani suka ce suna yin duhu in sun sha haske, don haka abin da ka gani ba baƙon abu ba ne. Kulorokwin ma haka yake, ko da yake tun 2005 Nijeriya ta sauya shi da magungunan haɗi masu artemisinin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro. Farasitamol yana da dama-dama, bai cika damuwa da haske ba. Gaskiya ne kuma cewa haske ba ya nutsawa can cikin ƙwaya, a fatar sama yake tsayawa, shi ya sa in ka ɓare ɗaya daga cikin naka za ka iya samun cikinta fari. Wani zai ce to ai ke nan ɓarnar kaɗan ce. A wani maganin haka ne, a wani kuwa ba haka ba ne, kuma ido ba ya raba su. Sai ɗakin gwaji.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne nifedifin, maganin hawan jini. Garinsa rawaya ne tun asali, kuma yana cikin magungunan da suka fi kowane gudun haske, har hasken doguwar fitilar lantarki ta shago yana taɓa shi. In haske ya buge shi sai tubalinsa ya sake gini, ya zama wani abu wanda ba ya saukar da jini yadda na asalin ke yi. Kuma gwargwadon laushin garin, gwargwadon saurin lalacewarsa, tun da fuskar da haske zai samu ta fi yawa. Wannan ne ya sa kamfani ke lulluɓe ƙwayar da wata 'yar riga mai launi, ya kuma sa ta a fakiti mai duhu ko na ƙarfe-ƙarfe. Wanda ya ɓalle ƙwayoyin daga fakitinsu ya zuba a farar leda don ya sayar biyar-biyar, ko ya raba ƙwaya biyu ya bar rabi a kan taga, ya tuɓe wa maganin rigarsa. Ka yi tunanin dattijon da zai saya ya tafi ƙauye, yana sha safe da yamma, hankalinsa kwance cewa ya ɗaure jininsa, alhali jinin na nan yana hawa. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, ba wanda zai tuna da farar leda. Za a ce ciwo ne ya fi ƙarfin magani.

Sai kuma kafso ɗin nan na tetarasaikilin da ake kira ja da yalo. Shi rana da zafi da danshi haɗuwa suke yi a kansa, garin ya yi duhu, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa lalataccensa yana iya taɓa ƙoda. A jikin yawancin fakiti an rubuta a ajiye a inda zafi bai wuce digiri 30 ba, kai kuwa ka san yadda watan Afrilu yake a ƙasar Gaya, inda yakan haura 40 a inuwa. Don haka mu a wannan fili ba mu da wata kalma mai daɗi da za mu gaya wa masu kasa magani a tire ko a baro suna zaga kasuwannin ƙauye da tsakar rana. Doka ta hana, kuma ko da ba ta hana ba, kayan da ya wuni a buɗe a rana mako da makonni ba shi ne wanda kamfani ya yi wa alkawarin wa'adi ba. Ranar da aka buga a jikin gwangwani tana aiki ne muddin an ajiye maganin yadda aka ce.

Kada kuma ka ɗauka duk mai launi rana na cin sa. Dubi shuni. Rawani ɗan Kura ko zanen da ya fito daga karofin Ƙofar Mata yakan shekara da shekaru ana yawo da shi a rana, kuma in ya koɗe yawanci gogayya ce da wanki suka zubar da shunin. Dalili shi ne tubalin shuni, in haske ya buge shi, nan take yake mai da ƙarfin jifan ya zama ɗan zafi ya watsar, tun kafin wata mahaɗa ta karye, ga shi kuma tubalan suna riƙe da juna gam. Marinanmu sun zaɓi abu mai kyau tun kafin a san dalilinsa.

Masana ma yanzu sun fara neman su sa wannan hali ya yi musu aiki. A 2007 wasu masu bincike a Japan, cikinsu har da Farfesa Masahiro Irie, suka nuna wani siririn kiristal wanda in aka haska shi da ultrabayolet sai ya lanƙwashe, in aka haska shi da haske na gani sai ya miƙe, a yi ta maimaitawa bai karye ba, har yana iya ture wani ɗan abu da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Tubalan gefen da haske ya taɓa ne suke sake siffa su ja sauran, kamar yadda falankin da aka bari a rana yake bauɗewa. Fatan da ake yi shi ne a ƙera 'yan ƙananan injuna da haske kaɗai zai riƙa motsawa.

Tun da muna kan maganar, akwai wata takarda daga wani manomi a ƙasar Ajingi da ta daɗe a hannunmu, amsarta kuwa 'yar'uwar wannan ce. Ya ce yana jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya ya fesa wa wakensa, amma bayan 'yan kwanaki sai ƙwari su dawo kamar ba a yi ba. Malam, ba kai ka kasa haɗi ba. Sinadarin da ke cikin darbejiya wanda ke hana ƙwari ci, in ya bushe a kan ganye ya zama ɗan siririn shafi, rana tana karya shi cikin 'yan kwanaki. Sai ka riƙa feshin da yamma in rana ta yi sanyi, ka kuma maimaita a kai a kai tun daga lokacin da wake ya fara fure. 'Ya'yan da za ka adana kuma ka shanya su a inuwa.

Masu tireda su ma akwai nasu. Tun 2002 aka wajabta sa bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki a Nijeriya, shi ne alamar idon nan da kuke gani a jikin buhu da galan. Shi sukari kansa rana ba ta canja shi, amma bitamin ɗin da aka manna a jikin tsabarsa haske da iska suna cinye shi. Wanda ya juye buhu a buɗaɗɗen daro ya wuni da shi a bakin titi, ko ya jera mai a fararen kwalabe a rana, zaƙi da maiƙo suna nan, amma abin da aka ƙara don idon yara yana raguwa ba tare da launi ya nuna ba.

Kai kuma mai kemis na Gaya, ga abin da za ka yi. Ka bar kowane magani a cikin gwangwani ko kwalin da ya zo da shi, ka rufe bayan kowane awo. In kana son masu saye su san kana da shi, ka jera fankon kwali a gaban kanta, ainihin kayan kuwa su zauna a cikin kabad ko can ƙuryar shago inda rana ba ta kaiwa safe ko yamma. In za ka ƙirga wa mutum, ka sa masa a ambulan na takarda ko leda mai duhu, ka gaya masa kada ya ajiye a taga ko a gaban mota. Na fakiti kuwa ka yanka da almakashi ka bar kowace ƙwaya a cikin gidanta. Waɗancan da suka yi rawaya, tare da sauran da suka zauna a kwalba ɗaya da su, ka ƙulle su ka mayar wa dilan da ka saya a wurinsa, ko ka kai wa mai haɗa magani na babban asibitin Gaya ya gaya maka yadda za a yi da su. Kada ka watsa su a bola, inda yara ke tsince-tsince awaki kuma ke kiwo.